Azumin da Na Yanka wa Rubutuna Farashi

Ban taɓa karɓar albashi ba. Tun da na bar makaranta, abin da muke ci ni da iyalina daga bakin alƙalami yake fitowa: fassarar takardu, gyaran littattafan 'yan uwana marubuta kafin su kai maɗaba'a, labarin fim in an dace, maƙala a jarida, sai kuma wasan kwaikwayo na rediyo, wanda shi ne ya fi riƙe gidan. Wanda bai yi irin wannan zama ba zai ɗauka 'yanci ne, ba mai sa ka, ba mai hana ka. Akwai 'yancin, ban musa ba. Amma ƙarshen wata ba ya kawo maka kowa sai mai gidan haya, kuma duk aikin da ka miƙa ba ka san ko daga shi sai yaushe ba.

Na yi shekaru a wannan sana'a ban taɓa buɗe baki na ce wa wani kuɗin aikina kaza ne ba. Yadda ake yi shi ne a kira ka, a yaba maka, a ce akwai ɗan aiki, ka ce ba komai. Ka yi, ka kai. Bayan an ja lokaci a miƙo maka ambulan, a ce ga wannan ka zuba mai a babur, ko a ce ga na goro. Ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka cusa a aljihu. Ba a buɗewa a gaban mai bayarwa. Sai ka fita ka sha kwana tukuna ka ƙirga, gabanka yana faɗuwa, a nan ne za ka san ko yau za a sa nama a miya.

Na daɗe ina tunanin inda muka gado wannan hali. Mutanen da suka fara rubuta mana ƙagaggun labarai da boko, lokacin da Rupert East ya nemi rubuce-rubuce a 1933, masu albashi ne. Abubakar Imam yana koyarwa a Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Bauci. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 Imam ya zama editanta, nan ma ma'aikaci ne. Rubutu daraja ya ƙara musu, amma tuwon gidansu ba a kansa ya dogara ba. Daga baya, da littattafan soyayya suka ɓarke a Kano, marubuci da kuɗinsa yake buga littafi, ya kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari, ya zauna jiran sai an sayar. A ɗaya gefen kuma ga makaɗa, waɗanda su ne masu sana'ar magana na asali a ƙasar Hausa, kuma makaɗi ba ya yanka wa ubangidansa farashi. Yakan yi waƙarsa ya jira kyauta, riga ce, doki ne, abin da ya samu. Mu a tsakanin waɗannan muka tashi. Ba mu da albashin malaman farko, sai muka ɗauki ɗabi'ar jiran kyauta, alhali babu sarkin da ya ɗauki nauyin gidajenmu.

Aikin da ya ja ni ga magana wasan rediyo ne na wayar da kai, kan lafiyar mata masu ciki da rigakafin yara. Wata ƙungiya daga ƙasashen waje ke ɗaukar nauyi, ta bai wa wani ƙaramin kamfani kwangila, shi kuma mai kamfanin ya ba ni rubutun. Kowane kashi minti 15 ne, kashi 13 a zango, naira 8,000 kowane ɗaya. Haka muka fara, haka kuma muka yi ta tafiya shekara da shekaru ba ƙari.

Mai sauraro yana jin minti 15 ne kawai. Bai san an hau mota an je ƙauye an zauna a zaure ana jin yadda tsofaffi ke magana a kan haihuwa a gida ba, don kada a sa wa baƙauyiya Hausar 'yan boko a baki. Bai san bayan ka rubuta sai ka taƙaita da Ingilishi don masu ba da kuɗi su gani ba, su dawo da shi da jan biro, a cire wannan, a sassauta wancan, likitansu ya ce ba haka ake faɗar sunan allurar ba. Ka gyara, ya sake dawowa. Duk wannan a cikin 8,000 ɗin nan yake. Kuma ba a biya sai an watsa zangon gaba ɗaya, an rubuta rahoto, kuɗi ya sauko daga sama.

Mai kamfanin, wanda nake ce wa Alhaji, ba mugun mutum ba ne, kuma ina so ku riƙe wannan. Ranar sunan 'yata ta biyu da kansa ya zo, ya zauna a tabarma ya ci waina tare da mu. Da mahaifiyata ta kwanta a asibiti ya aiko da abin da ya aiko. Kullum cewa yake yi ni ɗan gida ne. Wannan alheri shi ya ɗaure mini baki fiye da komai. Da wane ido zan dubi mutumin da ya zo sunan 'yata in ce masa kuɗinsa ya yi kaɗan?

Sai 2016 ta zo. A watan Maris kasuwar Sabon Gari ta ƙone, dubban shaguna suka tafi a dare ɗaya, jikin garin duk ya yi sanyi. A watan Mayu gwamnati ta ɗaga litar fetur daga naira 86.50 zuwa 145. A daidai lokacin wata tsutsa ta afka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabta, har tumatir ya zama abin da ake ƙirgawa ɗai-ɗai a faranti. Shinkafa ta tashi, man gyaɗa ya tashi, mai A-daidaita-sahu ya ƙara kuɗi. Ni da daddare nake rubutu, wuta kuwa ba ta zama, don haka kullum da yamma sai na kai kwamfutata wajen mai caji, shi ma ya ƙara nasa saboda man janareto. Kowa a unguwarmu ya ƙara farashin abin hannunsa, daga mai ruwa zuwa mai aski. Ni kaɗai ne ban ƙara ba, kuma wallahi bai zo mini a rai cewa ina cikin masu ikon ƙarawa ba.

Ana saura kwanaki kaɗan a kama azumi na je wani taron marubuta a ɗakin karatu na Murtala Muhammad. Bayan an tashi muka tsaya a inuwa da wata Hajiya, marubuciya ce da ta riga ni shiga harkar da nisa, ta fara da littattafai ta koma rediyo. Ta ce tana sauraron wasana, ta yaba wata tsohuwa da na ƙirƙira a ciki, ungozoma mai tsiwa. Ina ta jin daɗi. Kawai sai ta ce:

"Ƙanina, nawa suke ba ka?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdu lillahi, Hajiya, asiri dai a rufe."

"Ba rufin asiri na tambaye ka ba. Nawa?"

Ban taɓa jin wani marubuci ya yi wa ɗan uwansa wannan tambaya ba. Mukan yi gardama a kan jigo da salo har dare ya raba, mukan ci gyaran juna a kan ƙa'idar rubutu, amma kuɗi kowa nasa yake ɓoyewa. Mai samun kaɗan yana jin kunya, mai samun da yawa yana tsoron baki da hassada. Na faɗa mata, muryata a ƙasa kamar mai amsa laifi.

Ta yi salati. Sannan ta faɗa mini nata ba tare da na tambaya ba: naira 25,000 take karɓa a kan irin wannan kashi na minti 15, kuma ba ta ɗora alƙalami a takarda sai an ba ta rabi. Na ji zufa ta keto mini. Ba haushinta na ji ba. Abin da ya soke ni shi ne lissafin shekarun da suka wuce, wanda ya zo mini gaba ɗaya a tsaye a wurin.

Ta daɗe tana yi mini magana, direbanta yana jira. Ta ce in zan je, kada in kuskura in kai kukan gidana. "Ka taɓa ganin mai tumatir a 'Yankaba yana ce wa mai saye a tausaya masa matarsa ba lafiya? Kwandonsa yake buɗewa a ga kaya. In ka kai kuka, sadaka za a ba ka, kuma sadaka sau ɗaya ake yi." Ta ce in rubuta duk abin da aikin ke ci, in san adadin da zan faɗa, in san kuma adadin da in an gaza shi zan tashi. Ta ce maganar ba ta tsaya a kan yawan kuɗi ba: yaushe za a biya, gyara sau nawa ne a cikin kuɗin, wa ke da wasan bayan an gama watsawa, za a ambaci sunana ko ba za a ambata ba. Ta ce duk a sa a takarda. Da za ta shiga mota ta juyo ta ce, "In ka faɗi kuɗinka, ka yi shiru. Kada ka cike masa shirun."

Na dawo gida da maganar, na ajiye ta a raina ban taɓa ta ba. Aka kama azumi. A tsakiyarsa, ranar 20 ga Yuni, Babban Bankin Nijeriya ya saki naira, dala ta tashi daga 197 zuwa sama da 280 a farashin hukuma cikin yini ɗaya. A kasuwar 'yan canji ta Wapa kuwa ta daɗe da haura 300. Wani maƙwabcina ɗan canji ya ce mini a masallaci bayan asham, "Malam, ai ku kakarku ta yanke saƙa, masu ba ku aiki da dala suke lissafi." Na yi murmushi kawai.

A daren nan na ɗauko littafin rubutun yara na zauna da fitila. Kashi 13 sau 8,000 ya ba ni 104,000. Daga ranar fara zango zuwa ranar da kuɗi zai shigo hannu, wata huɗu ne in an yi sauri. Na cire kuɗin mota zuwa ƙauyuka, na cire caji, na cire katin intanet da buga takardu. Abin da ya rage a wata bai wuce mafi ƙarancin albashi na lokacin ba, wato naira 18,000, sai da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Na daɗe ina kallon lambar. Mai ɗakina ta fito ɗora sahur ta same ni a haka. Na nuna mata. Ta duba, ta yi shiru, sannan ta gaya mini abin da ban sani ba: tun kafin azumi da kuɗin adashinta ake cefane, wanda take tarawa don sayen keken ɗinki. Ta ɓoye mini ne don kada hankalina ya rabu da rubutu.

Na ce mata zan je in yi wa Alhaji magana, amma mai yiwuwa ne aikin ya tafi gaba ɗaya.

Ta ce, "Malam, ka je. Abin da yake bayarwa da ma ba shi ke riƙe da mu ba, Allah ne."

Cikin goman ƙarshe na je. Ofishin a saman bene yake a titin gidan Zoo, inda masu harkar fim suka yi yawa. An yi ruwa da asuba, rana ta fito a kansa, garin ya ɗau turiri. Ina hawa matakala ƙafafuna suna rawa, bakina ya bushe ƙamas, ba na azumi kaɗai ba. Na tsaya a tsakiyar benen na maimaita adadin a zuciyata, don tsoron da nake ji shi ne in na shiga harshena zai rage shi da kansa. A ciki janareto na ruri ta bayan taga, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga a wani bokiti, ɗakin yana ƙanshin turaren wuta.

Ya tarbe ni da fara'a. Muka gaisa, ya ibada, ya iyali, ya mai jiki. Ya ce da ma yana nemana, an amince da sabon zango, bayan Sallah za a fara ɗauka. Na ce madalla. Na zaro takardata daga aljihu, hannuna yana karkarwa har takardar tana ƙara.

"Ranka ya daɗe, magana ce na zo da ita a kan kuɗin aikin."

Fara'ar ba ta tafi ba, amma ta tsaya cak. Ya ce, "Wani abu ya faru a gida ne? In matsala ce ka faɗa mini, ai ba sai mun yi haka da kai ba." Ya kai hannu aljihu.

Nan ne wurin da ya fi wuya. Da na ce e, da ya ba ni wani abu na Sallah, da na yi godiya na sauko, da komai ya koma yadda yake. Na ce, "Lafiya lau gida yake, Alhaji. Aikin ne dai nake so mu duba." Na karanta masa abin da kowane kashi ke ci, zuwa ƙauye, taƙaitawa da Ingilishi, gyara bayan gyara. Na tuna masa cewa tun da muka fara ba a taɓa dawo da zango don rashin inganci ba, kuma ban taɓa sa 'yan wasa sun zauna jiran takarda ba. Sannan na ce daga wannan zango kashi ɗaya naira 20,000 ne, rabi kafin in fara, gyara sau biyu, abin da ya haura haka da kuɗinsa, kuma a faɗi sunana a ƙarshen shiri.

Na yi shiru. Ruwan nan yana ɗiga a bokiti. Kalmomi suka taru a maƙogwarona suna neman fita, in ce amma fa in babu hali ba komai, in ce duk yadda ka gani. Na danne su da ƙyar, na kafa idona a kan kalandar da ke bango.

Ya jingina da kujera ya ce, "Malam, wa ya zuga ka?"

"Ba wanda ya zuga ni, ranka ya daɗe. Lissafi na yi."

"Ni da na ɗauke ka ɗan gida. Ka san yara nawa ke zuwa nan da digirinsu suna roƙon in ba su ko kashi ɗaya su gwada? Don mutunci na riƙe ka."

Maganar ta shige ni, don gaskiya ce, yaran suna nan, na sha ganinsu zaune a bencin waje da fayil a hannu. Na ce na sani, kuma ban manta alherinsa ba, ba kuwa zan manta ba. Ya ja tsaki a hankali, ya danna na'urar lissafi, ya ce saboda ni ne zai mayar da shi 10,000, shi ma daga aljihunsa. Na ce, "Albarka, Alhaji." Ban san lokacin da ta fito ba. Da na kawo maganar takarda kuwa ransa ya ɓaci sosai. Ya ce, "Takarda? Tsakanina da kai? Na taɓa cin kuɗinka?" Na ce bai taɓa ba, amma shi ma ya san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma Musulmi aka umarta da su rubuta a tsakaninsu, ba don ana zargin kowa ba. Bai amsa ba. Ya ce zai yi tunani. Bai raka ni bakin ƙofa ba kamar yadda ya saba.

Da na sauko ban iya hawa abin hawa ba, da ƙafa na kama hanya cikin ranar nan. Ba wani daɗin nasara da na ji. Tsoro ne zalla. Ina tafe ina lissafin kuɗin haya da zai cika bayan Babbar Sallah, da kuɗin makarantar babbar 'yata. Da aka kira magariba na kai dabino baki na kasa haɗiyewa.

Sallah ta zo ta wuce bai kira ba. Yara suka sa kayan bara, mai ɗakina ta sake musu wuya da hannu don su yi kamar sababbi. Na aika masa saƙon barka da Sallah ya amsa da kalma biyu. Na ji daga bakin wani ɗan wasa cewa an ba wani yaro rubutun. Na kama ƙananan ayyuka, fassarar takardar taro, gyaran littafin wata amarya da ke son ganin sunanta a bango. Ba zan ɓoye muku ba, akwai daren da na fito da lambarsa a waya, yatsana a kan maɓallin kira, na shirya abin da zan ce, cewa shaiɗan ne, a yi haƙuri, 10,000 ɗin ma ta isa. Na kira Hajiya a maimakonsa. Ta saurare ni har na gama ta ce, "In ka koma da kanka, 8,000 ɗin ma ba za ka sake gani ba. Ka yi haƙuri ka nemi wani aikin." Ta haɗa ni da wani mai neman fassara, wanda kuɗinsa ya kai mu ƙarshen wata.

Damina ta yi nisa sosai kafin ya kira. Muryarsa ba yabo ba fallasa. Ya ce in zo mu ƙarasa magana.

A lokacin na ɗauka maganar dala ce ta yi aiki, ko kuwa zuciyarsa ce ta yi laushi. Sai daga baya na fahimci yadda abin yake. Wasa mai dogon zango ba a canza masa marubuci a tsakiya cikin sauƙi. Taurarin suna da tarihi, kowa da irin bakinsa, masu sauraro sun san wace ce ke gaba da wace, kuma duk wannan a kaina yake, ba a rubuce a ko'ina ba. Masu ɗaukar nauyi sun ga rubutun ya sauya, sun dawo da shi, ranar fara watsawa tana matsowa, gidan rediyo ya riga ya karɓi kuɗin fili. Abin da nake da shi a hannu ya fi abin da na zata nauyi, kuma tun shekarun baya yake da wannan nauyin. Na kuma gane shi ma Alhaji a matse yake ta wani wajen, man janaretonsa da kuɗin 'yan wasa duk sun tashi. Sai dai a cikin duk masu cin abinci a wannan wasa, marubuci ne kaɗai bai taɓa yin ƙorafi ba, don haka a kansa ake cike giɓi.

Ba abin da na nema na samu ba. Mun tsaya a 15,000. Kashi ɗaya bisa uku kafin in fara, sauran idan na miƙa rubutu, ba sai an watsa ba, wanda a wurina ya fi ƙarin kuɗin ma amfani. Gyara sau biyu. Sunana a ƙarshen shiri. Aka buga a takarda guda, muka sa hannu. Mallakar wasan kuwa ya ce ba ta hannunsa, masu ba da kuɗi ke da ita, haka yarjejeniyarsu ta ce, kuma sai na sa hannu a kan hakan. Na sa. Har yau wannan yana yi mini ciwo, don na sha jin wasan ana maimaita shi a wasu tashoshi, ungozomata tana tsiwarta, ni kuwa ko kwabo. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, tsohuwar da sabuwar da aka sa wa hannu a 2023, ta ce ba a sallama haƙƙin mallaka sai a rubuce. Ma'anarsa wannan sa hannun abu ne mai kuɗi, ana iya yin ciniki a kansa daban. A ranar ban san haka ba.

Akwai kuma abin da na rasa wanda ba na kuɗi ba. Alhaji bai ƙara ce mini ɗan gida ba. Muka ci gaba da aiki cikin mutunci, yana biya a kan lokaci, amma da aka yi mini haihuwa ta gaba saƙo ya aiko. Na ji zafin wannan, don ina ƙaunarsa. Na yi ta juya abin a raina, ko akwai yadda zan faɗi maganar da ba za ta taɓa zumunci ba. Ina ganin babu. Zumuncin da farashin a ɗaure suke tun farko, ba yadda za a kwance ɗaya ɗayan bai motsa ba.

Wancan 15,000 ɗin ma bai daɗe yana da daraja ba. Da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, lita ta haura 500, na sake zama da littafin lissafi, na sake hawa wasu benayen. Bakina yana bushewa har yanzu, sai dai hannuna ya daina rawa.

Yaron da aka ba rubutun a bayana na haɗu da shi bayan an kwana biyu, a wajen ɗaurin auren wani ɗan wasa. Shi ya zo ya gaishe ni, yana ta noƙewa, yana ganin kamar ina riƙe da shi a zuci. Ya karanta Hausa a Jami'ar Bayero, kuma da na ga rubutunsa daga baya na san yana da hannu, abin da ya rasa kawai sanin taurarin wasan ne. Na ja shi gefe na tambaye shi nawa aka ce za a ba shi. Ya sunkuyar da kai ya ce alhamdu lillahi. Na ce ba wannan na tambaya ba. Da ƙyar ya ce 4,000 aka yi masa alkawari a kan kowane kashi, ya rubuta guda uku, aka ce ba su yi ba, ba a ba shi komai ba, shi kuma ya ji nauyin tambaya.

Na gaya masa nawa nake karɓa a da, da nawa nake karɓa yanzu, da abin da Hajiya ke karɓa, bayan na nemi izininta ta waya a nan take. Na ce ya zo gida da yamma in nuna masa takardar da muka sa wa hannu ya kwafa. Ya zo da abokansa biyu, su ma marubuta, ɗayansu mace ce da ke sayar da labaranta a WhatsApp, kowa da littafin rubutunsa. Muka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kowa ya faɗi abin da ake ba shi da wanda ke ba shi, muka jera lambobin a shafi ɗaya. A nan muka gano cewa biyu daga cikinsu mutum ɗaya suke yi wa aiki iri ɗaya, yana ba namijin ninkin abin da yake ba macen. Ita ce ta fara zuwa ta yi magana, a satin nan.